Tafintan da Ke Cikin Kai

A cikin shekarun 1970, wasu masana biyu a Amurka, Michael Gazzaniga da ɗalibinsa Joseph LeDoux, sun zaunar da wani matashi a gaban allo, suka ce ya kafe idonsa a kan wani ɗigo da ke tsakiya. A rahotanninsu ba su ambaci sunansa ba, sai dai haruffa biyu, P.S. Yana zaune sai aka hasko hotuna biyu a lokaci guda, kamar ƙiftawar ido: ta hannun dama ƙafar kaza, ta hannun hagu kuwa wani gida da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, irin yadda yakan faru a ƙasarsu da hunturu. Sa'an nan aka baje masa katuna masu zane iri-iri, aka ce ya nuna waɗanda suka dace da abin da ya gani.

Hannunsa na dama ya nuna kaza. Na hagu ya nuna shebur, wato abin da mutanen can suke kwashe ƙanƙara da shi daga ƙofar gida. Duka biyun daidai ne. Amma da aka tambaye shi dalili, bai yi wata-wata ba, sai ya ce ai abin mai sauƙi ne, ƙafar kaza da kaza take tafiya, shebur kuwa na share akurkin kaji ne. Ko da wasa bai ambaci ƙanƙara ba.

Yaron bai yi ƙarya ba, in dai ƙarya ita ce mutum ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba. Bai kuma faɗi gaskiya ba. Abin da ya faru tsakanin biyun nan ya shafi kowane mai rai da ya taɓa cewa, "Na yi kaza ne saboda kaza."

Gadar da aka yanke

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wadda nauyinta bai cika kai kilo ɗaya da rabi ba, ɓari biyu ce kamar goro. Ɓarin hagu shi ke sarrafa sashen dama na jiki, na dama kuma yana sarrafa sashen hagu. Haka gani ma yake: abin da ke dama da inda mutum ya kafe ido ɓarin hagu yake zuwa, abin da ke hagu kuma ya tafi ɓarin dama. A wajen mafi yawan mutane, ikon yin magana a ɓarin hagu yake. Mutum ba ya jin wannan rabo domin akwai wata gada mai kauri a tsakani, dunƙulen zaren jijiyoyi wajen miliyan 200, wadda masana ke kira da sunan Latin corpus callosum. Duk abin da ɓari ɗaya ya samu, nan take ɗayan ya ji labari.

Ga mai farfaɗiya mai tsanani, gadar nan takan zama hanyar masifa, domin rikicin lantarki da ya tashi a ɓari ɗaya ta kanta yake bi ya game ƙwaƙwalwa duka. Tun 1940 aka fara gwada yanke ta. A 1962 likitoci biyu a Los Angeles, Joseph Bogen da Philip Vogel, suka yi wa wani tsohon soja wannan aiki, farfaɗiyarsa ta lafa, kuma ga mai kallo daga waje mutumin nan yana nan yadda yake: yana hira, yana dariya, ya san iyalinsa. Sai da Roger Sperry da Gazzaniga, wanda a lokacin shi ma ɗalibi ne, suka tsara gwajin haska hoto ga ɓari ɗaya kaɗai, sa'an nan aka gane abin da aikin ya haifar. Wannan bincike ya jawo wa Sperry lambar Nobel a 1981.

P.S. yana cikin waɗanda aka yi wa irin wannan aiki. Ɓarinsa na dama ya ga ƙanƙara, ya tura hannun hagu ga shebur, amma ba shi da bakin faɗi, kuma gadar da zai aika da labari an yanke ta. Ɓarin hagu mai magana ƙafar kaza kaɗai ya gani. Da ya duba ya ga hannu yana nuna shebur, bai ce, "Ban san dalili ba." Sai ya haɗa abin da ya sani da abin da ya gani, ya ƙera dalili, ya kuma gaskata shi. A wani gwajin an hasko wa ɓarin dama kalmar da ke nufin "yi tafiya", majinyacin ya miƙe ya nufi ƙofa. Da aka ce ina zuwa, ya ce zai je ya ɗauko lemon kwalba ne.

Gazzaniga ya raɗa wa wannan aiki na ɓarin hagu suna "tafinta". Sunan ya dace ƙwarai. Dattawan da suka ga zamanin Turawa sun san cewa tafinta ba ya son a ce bai ji abin da aka faɗa ba. In magana ta kuɓuce masa, sai ya cike giɓin da tasa, kuma mai saurare ba shi da hanyar rarrabe wadda aka faɗa da wadda aka ƙara. Bambancin kawai shi ne, a cikin kai tafintan da mai sauraren mutum ɗaya ne.

Ya kamata a yi hattara a nan. Majinyatan da aka yi nazarinsu sosai 'yan ƙalilan ne, kuma har yanzu masana suna jayayya a kan ko yanke gadar yana raba hankali gida biyu ne ko kuwa gani kaɗai yake rabawa. Maganar nan da ta bazu cewa wane "mai ƙwaƙwalwar hagu" ne don ya iya lissafi, wance kuma "mai ta dama" ce don ta iya zane, ba daga wannan bincike ta fito ba, kuma ba ta da tushe.

Masu lafiya fa?

Mai karatu yana iya cewa ai wannan larurar waɗanda aka yi wa tiyata ce. Da ma haka ne. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson na Jami'ar Michigan sun ba da rahoton wani gwaji da suka yi a cikin kanti. Sun jera safa guda huɗu a kan tebur, suka roƙi masu sayayya su zaɓi wadda ta fi kyau. Safar nan duk iri ɗaya ce, ba bambanci ko na zare guda. Duk da haka wadda ke ƙarshen dama ta samu masu zaɓe kusan ninki huɗu na wadda ke ƙarshen hagu. Da aka nemi dalili, wannan ya ce saƙa, wancan ya ce laushi. Ba wanda ya ambaci inda aka ajiye ta, kuma da aka tambaye su kai tsaye ko wurin ajiya ya ja hankalinsu, kusan duka suka musanta, wasu ma suna yi wa mai tambayar kallon wanda ya taɓu.

A Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, Petter Johansson da Lars Hall sun ƙara gaba. A gwajinsu na 2005 sukan nuna wa mutum hotunan fuskoki biyu, ya zaɓi wadda ta fi burge shi, sa'an nan su miƙa masa hoton ya bayyana dalili. Wani sa'in sai su yi dabara irin ta masu rufa-ido, su miƙa masa wanda ya ƙi. A cikin huɗu, kusan uku ba a lura an yi musanya ba. Mutum ya riƙe hoton da bai zaɓa ba, yana zayyana abin da ya sa ya zaɓe shi, har yana ambaton 'yan kunnen da wadda ya zaɓa da gaske ba ta sa ba.

Fuska da safa ƙananan abubuwa ne. To, a 2012 masanan suka koma kan ra'ayi. Sun tare mutum 160 a wurin shan iska, suka ba su takardar tambayoyi a kan al'amuran daidai da kuskure. Takardar tana da wata dabara ta gam: in an juya shafi, sai wasu jimloli su juye su zama akasin yadda suke, alhali amsar da mutum ya bayar tana nan inda take. Da aka dawo ana tattauna amsoshin, kashi 69 cikin 100 sun bar aƙalla canji ɗaya ya wuce ba su lura ba, kuma fiye da rabinsu sun tsaya suna kāre ra'ayin da minti kaɗan da suka wuce suka ƙi. Hujjojin nan ba su ne suka haifi ra'ayin ba. Daga baya suka zo, kamar maroƙin da ya iske an gama naɗi ya kama kirari.

Madubi da kwalin alewa

Ba a haifi yaro da sanin kansa ba. A 1970 Gordon Gallup ya bar wasu birai da ake kira cimfanzi da madubi har kwana 10, sa'an nan ya sa su barci, ya shafa musu jan launi marar wari a gira da kunne. Da suka farka suka dubi madubi, sai suka kai hannu ga fuskokinsu, ba ga madubin ba. Shekara biyu bayan haka Beulah Amsterdam ta buga irin wannan gwaji a kan jarirai. Ɗan shekara ɗaya yakan ɗauki na cikin madubi abokin wasa ne, har ya leƙa bayan madubin yana nemansa. Sai tsakanin wata 18 da wata 24 yawancin yara suke taɓa tabon da ke hancinsu.

Gwajin madubi ma yana da nasa rauni. A wani bincike da aka buga a 2011, an gwada yara 82 a Kenya, wasu har sun kai shekara shida, biyu kacal suka taɓa alamar. Sauran sun tsaya cik, sun zuba wa madubin ido. Masu binciken ba su ce yaran ba su gane kansu ba. A ganinsu yaran sun gane sarai, sai dai ba su san ko ya halatta su cire abin da wataƙila babba ne ya sa musu ba. Ke nan tun a wannan shekaru, yadda yaro yake nuna sanin kansa ya riga ya sha ruwan tarbiyyar gidansu.

Gane fuska abu ɗaya ne, gane tunanin kai kuma wani abu ne dabam, kuma shi ne ya fi jinkiri. A 1988, a Toronto ta Kanada, Alison Gopnik da Janet Astington sun nuna wa yara kwalin wata alewa da kowane yaro a can ya sani. Aka ce me ke ciki, suka ce alewa. Aka buɗe, sai ga fensira. Aka rufe, aka ce, "Ɗazu kafin a buɗe, me ka zaci yana ciki?" Da yawa daga 'yan shekara uku suka ce fensira. Zaton da suka furta da bakinsu minti ɗaya da ya wuce ya shafe, kamar ba a taɓa yi ba. Haka nan a 1994 Marjorie Taylor da abokan aikinta suka koya wa 'yan shekara huɗu wani sabon abu, kamar sunan wani launi da ba su taɓa ji ba, jim kaɗan aka tambaye su yaushe suka san shi, yawancinsu suka ce tun tuni. Malaman makaranta ba za su yi mamaki ba. Sun saba da ɗalibin da aka sha wahala kafin ya gane darasi, washegari ya ce ai da ma ya sani.

Wannan hali yana raguwa da girma, amma ba ya gushewa. Gregory Markus ya duba amsoshin da wasu Amurkawa suka bayar a kan al'amuran siyasa a 1973, da waɗanda suka bayar a 1982, lokacin da aka kuma nemi su tuna abin da suka ce a karon farko. Abin da suka tuna ya fi kusa da ra'ayinsu na 1982 bisa ga abin da suka faɗa da gaske. Ƙwaƙwalwa tana riƙe magana, ta yar da inda ta samo ta. Tun 1977 Lynn Hasher da abokan aikinta suka nuna cewa maimaita magana kaɗai, ko gaskiya ce ko ƙarya, yana sa mai ji ya ƙara yarda da ita. Saboda haka abin da yaro ya ji sau ɗari a tsakar gida, game da abincin da ke kawo cuta, ko mutanen wani gari, ko cewa shi ba mai kan lissafi ba ne, in ya girma ba zai ji shi kamar abin da aka faɗa masa ba. Zai ji shi kamar abin da ya gani da idonsa. Ba duk abin da aka gada ne kuskure ba, nesa ba kusa ba. Mafi yawan abin da kowa ya sani daga bakin wani ya karɓa. Matsalar ita ce daga ciki ba a iya rarrabewa, domin sahihi da gurɓatacce ɗanɗanonsu ɗaya ne.

Wa tafinta yake yi wa aiki?

Hausa ta yi amfani da kalma ɗaya, kai, ga gidan ƙwaƙwalwa da kuma mutum shi da kansa, daga nan aka samu sanin kai, da son kai, da girman kai. Kalmar da littattafan ilmin halayya suke amfani da ita, ego, ba komai ba ce illa "ni" da Latin. Kuma tafintan nan ba alƙali ba ne, ɗan gida ne. A cikin bayanai biyu da za su iya zama, yakan ɗauki wanda zai bar mai gidansa da mutunci.

A 1959 Leon Festinger da James Carlsmith sun sa ɗaliban Jami'ar Stanford wani aiki mai gundura na awa guda, jera ƙoshiyoyin zare a faranti da murɗa 'yan turaku. Bayan nan aka roƙi kowanne ya gaya wa mai jiran layi cewa aikin yana da daɗi. Wasu aka biya su dala 20, wasu dala 1. Da aka tambaye su daga baya yadda suka ji aikin a zahiri, 'yan dala 1 ne suka fi cewa ya yi musu daɗi. Mai dala 20 yana da uzuri, ya san kuɗi ne ya sa shi. Mai dala 1 kuwa, ko dai ya yarda ya yi ƙarya a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ko kuwa ya yarda aikin ba laifi. Na biyun ya fi sauƙin haɗiya.

Inda farashin ya zama rai

A babban asibitin Vienna, a ƙasar Austiriya, akwai ɗakunan haihuwa biyu. A na farko likitoci da ɗalibansu ke aiki, a na biyu ungozomomi. Daga 1841 zuwa 1846, zazzaɓin jego yana kashe kusan mace 10 cikin 100 a ɗakin likitoci, a na ungozomomi kuwa kusan 4. Matan gari sun san haka, har wasu sukan durƙusa suna roƙo kada a kai su na farko. An ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska, da cunkoso, da tsoro.

Ignaz Semmelweis, wani matashin likita ɗan Hangari, ya bi dalilan nan ɗaya bayan ɗaya bai ga wanda ya tsaya ba. A watan Maris na 1847 abokinsa Jakob Kolletschka ya mutu bayan wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi a wajen feɗe gawa, kuma abin da aka gani a jikinsa shi ne abin da ake gani a jikin matan. Likitoci suna fitowa daga ɗakin gawa su wuce kai tsaye wajen masu naƙuda; ungozomomi ba sa taɓa gawa. A tsakiyar Mayu ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin, wanda ya zaɓa don shi ne ke kashe warin gawa da sabulu ya kasa fitarwa. A Afrilu mace 18 cikin 100 suka mutu. A Yuni abin ya sauko kusan 2, a Yuli kusan 1.

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Manyan likitoci da yawa a Turai suka ƙi. A Amurka ma, inda Oliver Wendell Holmes ya faɗi makamanciyar magana tun 1843, shahararren malamin haihuwa Charles Meigs ya yi watsi da ita, yana ganin mutum mai daraja irin likita ba zai zama mai ɗaukar cuta ba. Don a yi musu adalci, suna da abin faɗi: ba a riga an tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa irin wannan ciwo ba, kuma Semmelweis bai iya nuna abin da ke kan hannun ba. Amma a duba abin da yarda za ta ci wa mutum. Likitan da ya shekara 20 yana karɓar haihuwa, in ya amince, ya amsa ke nan cewa hannunsa ya kai mata masu yawa kabari. Gustav Michaelis na birnin Kiel a Jamus ya amince, ya sa a riƙa wanke hannu, mace-mace suka ragu. Sai ya tuna wata 'yar uwarsa da ta rasu da wannan zazzaɓi bayan shi da kansa ya duba ta. A 1848 ya kashe kansa.

Abin da ya ba Semmelweis gaskiya ba ƙarfin yaƙininsa ba ne, domin abokan hamayyarsa ma suna da yaƙini. Rajistar asibiti ce, inda aka rubuta wadda ta shigo da wadda ta fita, wata bayan wata, tun kafin kowa ya san za a yi gardama a kai. Da yawa daga ƙa'idojin kimiyya an gina su ne a kan rashin amincewa da tafinta. Shi ya sa a wajen gwada sabon magani akan ɓoye wa likita da majinyaci wanda ya sha na gaske da wanda ya sha na banza. Charles Darwin ya ba da labarin wata al'ada tasa: duk sa'ad da ya ci karo da hujjar da ta saɓa wa ra'ayinsa, nan take yake rubuta ta, domin ya lura irinta ta fi saurin ɓace masa bisa ga wadda ta goyi bayansa.

Semmelweis ya yi abin da ya gagari wasu, ya amsa a rubuce cewa shi ma yana cikin masu laifin, tun da ba likitocin haihuwa da yawa suka kai shi taɓa gawa ba. Amma shi ma yana da nasa tafintan. Ya yi shekara 14 bai fitar da littafinsa ba sai 1861, yana ganin magana ta riga ta fito fili. Ya kafe a kan cewa kusan kowane zazzaɓin jego dalilinsa ɗaya ne, ya ƙi sauraren ko tambayoyin da ke da ma'ana. Da suka ta yi yawa, sai ya shiga rubuta buɗaɗɗun wasiƙu yana kiran manyan malamai masu kisan kai, abin da ya toshe kunnen waɗanda da sun saurara.

A ƙarshen Yuli na 1865, bayan halinsa ya rikice, aka kai shi gidan masu taɓin hankali a Vienna. Ya rasu ran 13 ga Agusta yana da shekara 47, sanadin rauni a hannunsa na dama da ya ruɓe ya ɓata masa jini. Kwana ɗaya kafin nan, a asibitin Glasgow, Joseph Lister ya ɗaure karayar wani yaro ɗan shekara 11 da ƙyallen da aka tsoma a sinadarin kabolik, ƙafar ta warke ba ta ruɓe ba. Lister ya faɗa daga baya cewa a lokacin ko sunan Semmelweis bai taɓa ji ba.